Yadda Tela Ya Zama Daktan Ganye

A layin shagunan da ke bayan tashar mota akwai wani tela da ba a taɓa tambayarsa abu ya ce bai sani ba. In mota ta ƙi tashi, shi zai faɗa wa bakanike inda ciwon yake. In ana gardamar ƙwallo, shi ya san abin da ya kamata koci ya yi. Ɗinkinsa ba laifi, in ban da hannun riga da wani lokaci ɗaya kan ɗara ɗaya tsawo, shi ma in ka yi magana sai ya ce kafaɗarka ce a karkace.

Da ya ga kowa na buɗe shafi a intanet, shi ma ya buɗe. Wata biyu yana ɗora bidiyon yadda ake yanka wuyan riga da yadda ake sa zif. Wanda ya fi farin jini a ciki sau tara aka kalla, matarsa kuma ta rantse uku daga ciki ita ce.

Wata rana da hantsi ana zaune a bencin ƙofar shagonsa, sai Mahauci, maƙwabcinsa na hannun dama, ya miƙo masa waya.

"Tela, dubi wannan mutumin. Ganye ɗaya kawai ya ɗaga, ya ce yana maganin cuta goma sha biyu. Mutum dubu ɗari huɗu sun kalla."

Tela ya kalla, ya sake kalla, sannan ya juya ya harari keken ɗinkinsa kamar shi ya cuce shi.

"Ashe wahalar banza nake sha! Ku duba fa. Wa ya damu da wuyan riga? Amma ciwo, kowa na da shi. Wanda ba shi da shi, uwarsa na da shi. Ganye ga shi nan ko'ina, ba jari, ba layin asibiti. Kana cewa na kakanni ne, an daina yi maka gardama."

Mai Kemis, wata mata mai tabarau da shagonta ke kallon nasa, tana goge kantar shagon, ta ɗago kai.

"Tela, in ka kuskure a riga, farkewa kake ka sake. In ka kuskure a cikin mutum, ta ina za ka farke?"

"Hajiya, tsoro kike ji. Kin hango cinikinki zai mutu."

"Allah ya sa cinikin ne kaɗai zai mutu," in ji ta.

Baba Maigadi, tsohon da ke gadin layin, wanda duk abin da ya fito daga waya gaskiya ne a wurinsa, ya jinjina kai ya ce, "Yaron nan akwai ƙwaƙwalwa."

Kafin la'asar Tela ya ɗinka wa kansa farar riga ta likita da ragowar yadin labule. Ya rataya tef ɗin awo a wuya, ya ce daga nesa ba mai bambance shi da abin da likitoci ke ratayawa. Ya canja sunan shafin zuwa Daktan Ganye. Abu ɗaya ya rage masa: bai san ganye ko ɗaya ba.

Aka yi sa'a surukarsa na gidansa, ta zo ganin jikoki. Inna tsohuwa ce da ba ta tafiya ba tare da jakar ƙulle-ƙullenta ba, kowane ƙulli da abin da ke ciki, ba rubutu, ita kaɗai ta san wanne ne wanne. Tela ya durƙusa ya gaishe ta gaisuwar da bai taɓa yi mata mai tsawonta ba.

"Inna, in mura ta kama mutum, me kuke ba shi?"

"Citta da lemun tsami da ɗan zuma a ruwan ɗumi. Ya sha, ya huta. In ta wuce kwana uku da zazzaɓi, ya tafi asibiti, ta fi ƙarfina."

Tela ya rubuta komai a littafin awonsa, ban da maganar asibiti.

Washegari ya ɗaure wayar da zare a wuyan mutum-mutumin da yake rataya wa riga, ya tsaya gabanta ya bayyana wa duniya sirrin da kakan kakansa ya karɓo daga wani tsoho a cikin kogo. Lokacin damina ne, mura ta cika gari. Cikin kwana biyu mutum dubu uku suka kalla, kuma abin ya yi wa da yawa amfani. Wata ta rubuto, "Allah ya saka, Dakta, maƙogwarona ya saki." Tela ya karanta wa matarsa sau huɗu.

"Baban yara, wannan fa maganin Inna ne," in ji ta.

"Maman yara, ilimi ba shi da suruka."

Sai tambayoyi suka fara sauka. Mai ƙiba, mai ciwon baya, mai miji mai minshari. Tela bai mayar da kowa ba. Mai ƙiba ya sha ruwan zafi a tsaye da ƙafa ɗaya. Mai minshari a ɗaure masa albasa a tafin ƙafa. Wani ya nemi maganin mantuwa, Tela ya yi alkawarin kawowa ranar Talata, ya manta.

Tambayar da ta fi yawa ita ce ta sanƙo. Tela ya leƙa jakar Inna tana wanka, ya ɗauko wani ƙulli na koren gari mai laushi. Ya shinshina, ya yanke hukuncin zogale ne, kuma ya yanke hukuncin zogale na tsirar da gashi.

Mahauci, mai sanƙo tun daga goshi har ƙeya, ya yarda a gwada a kansa. Ana cikin kwaɓawa sai ga Hedimastan makarantar da ke ƙarshen layi ya zo karɓar kwat ɗinsa, domin jibi zai yi jawabin ranar raba kyaututtuka. Ya cire hula ya share zufa, Tela ya ga fili.

"Ranka ya daɗe, a ce ka tsaya gaban iyayen yara da gashi?"

"Ni ɗan boko ne, Tela. Ina hujjarka?"

"Mabiya dubu biyar, ranka ya daɗe. Makarantarku ɗalibai nawa ne?"

Hedimasta ya shafa kansa, ya zauna kusa da Mahauci.

Tela ya lafta musu kwaɓin, ya ɗaure kowane kai da baƙar leda, ya ce kada wanda ya motsa sai la'asar. Zafi ya sa kwaɓin ya riƙa gangarowa har gira da bayan kunne. Da lokaci ya yi ya kunna kyamara, ya ce, "Jama'a, ku shaida!" Ya kwance, aka wanke.

Kawuna biyu suka fito jajir kamar tumatir.

Mahauci ya dubi Hedimasta ya fashe da dariya, Hedimasta ya dubi Mahauci ya fashe da dariya, sai kowa ya ga ɗan'uwansa na nuna shi da yatsa. Suka yi rige-rigen zuwa madubin gwajin kaya.

"Innalillahi!" in ji Hedimasta. "Tela, mene ne wannan?"

"Alhamdulillahi! Jini ne ya taso, ranka ya daɗe. Gashin na biye da shi."

"Jibi zan yi jawabi!"

"Sai ka sa hula."

"Hular da za ta rufe gira?"

"To, ku goga lemun tsami, zai dusashe kafin gobe."

Suka goga. Da gari ya waye jan ya ƙara nuna, ya koma kalar bulo. Masu sayen nama suka fara tambayar Mahauci ko kan ma na sayarwa ne. Hedimasta ya yi jawabinsa da hula har ido, amma kunnuwa suka tona shi, kafin a tashi taro ɗalibai sun raɗa masa Malam Danja.

A gida kuwa Inna ta zazzage jakarta tana lalube.

"Wai wa ya ɗebe mini lalle?"

Matar Tela ta juya ta zuba wa mijinta ido.

"Ɗan nan," in ji Inna, "lalle ka shafa wa manyan mutane a ka? Ai sai ya yi sati uku."

"Bincike ne, Inna. A bincike dole a samu irin haka."

Bidiyon kawunan ya yi tafiyar da ba wanda ya zata. Mutum dubu casa'in suka kalla. Kusan duk abin da aka rubuta a ƙasa dariya ce, amma Tela lamba yake karantawa, ba magana ba. Ya daina amsawa in an kira shi Tela. Ɗinkin mutane ya taru a kan tebur, duk wanda ya zo karɓa sai a ce Dakta na ganin marasa lafiya.

Sai ya ce lokaci ya yi da zai taɓa manyan cututtuka. Ya yi bidiyo a kan hawan jini. Ya ce ƙwayoyin asibiti duk kasuwanci ne, mutum ya haɗiye tafarnuwa uku da safe, ya zubar da ƙwayar a kwata.

A ranar, Mai Kemis ta tsallako titi da kanta, abin da ba ta saba ba.

"Tela, goge bidiyon nan."

"Dakta," ya gyara mata.

"Lallen kai abin dariya ne, zai fita. Wannan kisa ne. Tafarnuwa ba laifi a abinci, ni ma ina ci. Amma wanda ya ajiye ƙwayarsa saboda maganarka, jijiya za ta iya fashe masa a ka yana tsaye."

"Hajiya, mutum dubu talatin sun riga sun kalla. In goge su ce me?"

"Su ce tela ne, ya tuna."

Bai goge ba. Maimakon haka ya yi shelar cewa ranar Asabar da safe zai buɗe asibiti kai tsaye a ƙofar shagonsa, duniya na kallo, kuma zai ƙaddamar da sabon magani mai suna Sha-Ka-Miƙe. Yadda ya haɗa shi ba wuya: ya jira Inna ta raka jikoki makaranta, ya kwance duk ƙullin da ya rage a jakarta, ya zuba a tukunya ɗaya, ya tafasa, ya ɗura a robobin ruwa.

"Baban yara, ka san abin da ke ciki kuwa?" in ji matarsa.

"Komai ke ciki. Shi ya sa yake maganin komai."

Ranar Asabar layin ya cika. 'Yan tasha, masu shaguna, masu wucewa, kowa ya zo ganin mutumin da ya rina Hedimasta. Tela ya jera robobin a kan tebur, ya fito da mutum-mutumin da wayar a wuyansa, ya kunna. Masu kallo suka fara hauhawa, ɗari biyar, dubu, dubu biyu.

"Jama'ar duniya! Ciwon baya, ciwon gaba, kasala, ƙiba, rama, duk kurɓi ɗaya!"

"Ƙiba da rama tare?" wani ya tambaya daga baya.

"Maganin ne ke duba mutum ya ga abin da yake buƙata."

Sai ga Hedimasta ya ratso taron, Mahauci na biye da shi da tawul a ka.

"In kana da gaskiya," in ji Hedimasta, "sha da kanka."

"Sha! Sha!" taron ya ɗauka.

Tela ya yi murmushi ga kyamara, ya kafa kai ya shanye roba guda. Ɗaci ya murɗe masa fuska, ya mayar da ita murmushi da ƙyar. Don kada a ce, ya ƙara ta biyu.

"Kun gani? Har na ji ƙarfi na shiga ta. Yanzu ga shaida. Baba, matso!"

Baba Maigadi ya fito yana gyara hula, fuskarsa cike da alfahari, warin tafarnuwa na riga shi isowa.

"Jama'a, ni dai shekara shida ina shan ƙwayar hawan jini. Da na ji maganar Dakta, na watsar da ita. Yau kwana takwas ke nan."

Mai Kemis, da ke tsaye a ƙofar shagonta, ta ajiye abin da ke hannunta.

"Kuma yaya jikin, Baba?" in ji Tela.

"Garau! In ban da ƙeyata da ke sara tun shekaranjiya. Da kuma... Dakta, ya na ga kun zama biyu?"

Baba ya kai hannu zai dafa tebur, bai samu ba. Ya sulale ƙasa, robobi suka bi shi.

Wuri ya kaure da salati. "Dakta! Yi wani abu! Dakta!"

Tela ya durƙusa. Kansa fanko. Hannunsa ya yi abin da ya saba shekara ashirin: ya zaro tef daga wuya, ya zagaya ƙirjin tsohon.

"Arba'in da biyu!" ya faɗa da ƙarfi.

"Matsa can!" Mai Kemis ta ture shi, ta ɗaura wa Baba na'urar awon jini a dantse. Ta dubi lambar, fuskarta ta canja. "Mahauci, ɗauke shi. A tsayar da mota. Asibiti, yanzu!"

Tawul ya faɗi, Mahauci bai waiwaye shi ba. Ya sungumi Baba kamar yaro, jan kansa na sheƙi a rana, Hedimasta na gaba yana ɗaga hannu yana buɗe hanya, motoci kuwa suka tsaya cak. Aka sa Baba a tasi, Mai Kemis ta shiga, suka tafi.

Taron ya juyo kan Tela. A daidai lokacin Inna ta iso, jakarta fanko a hannu, 'yarta na bayanta. Ta ɗauki roba ɗaya daga ƙasa, ta shinshina, ta ɗanɗana a harshe, ta tofar.

"Ɗan nan, har da filaskon ka zuba?"

"Wanne ne filasko, Inna?"

"Na wankin ciki. Tsunkule ɗaya ake sa wa babban mutum. Ƙulli guda ne a jakar. Wa ya sha?"

Yatsu wajen hamsin suka nuna shi.

"Roba biyu," wani ya ƙara.

Kamar cikin nasa jira yake a gabatar da shi, ya yi wani ƙugi da har masu kallo a waya suka rubuto suna tambayar ko hadari ne ya taso. Tela ya dafe ciki, ya ce wa kyamara, "Za mu ɗan tafi hutun talla," ya ruga bayan layi inda banɗakin shaguna yake. Ya tarar da ƙofa da kwaɗo.

"Ina makulli?" ya yi ihu.

"Yana aljihun Baba!" aka amsa masa.

Abin da ya biyo baya, 'yan tasha sun fi kowa iya ba da labarinsa, domin ta gabansu ya wuce da gudu, farar riga na tashi a bayansa, yana tafe yana tsayawa yana matse ƙafa, har banɗakin kasuwa.

Wayar kuwa na nan a kunne. Inna ta matsa kusa, ta leƙa ta kamar mai leƙa rijiya.

"Wai mutane ne a ciki?" ta tambayi 'yarta.

"Mutum dubu bakwai, Inna."

"To ku ji. Wancan surukina ne, tela ne, ku yi haƙuri da shi. Ni ce mai ganyen, shekara arba'in ina harkarsa, kuma abin da na sani bai wuce mura da kumburin ciki da ƙaiƙayin maƙogwaro ba. Ni da kuke gani ina shan ƙwayar suga kullum safe. Duk wanda ya zubar da maganinsa saboda yaron nan, ya je ya tsinto shi. Yarinya, ina ake kashe abin?"

Baba Maigadi ya kwana uku a asibiti, Allah ya sa an kai shi da wuri, ya fito da ƙafarsa. Tela ma kwana biyu ya yi a kwance, Mai Kemis na aiko masa da ruwan gishiri da suga. Da ya iya miƙewa ya goge bidiyon tafarnuwa, ya yi wani yana ba da haƙuri, Hedimasta na tsaye a gefe yana gyara masa kalmomi. Sannan ya je gidan Baba ya durƙusa, sai hawaye.

"Tashi, yaro," in ji Baba. "Ni ma da nawa laifin. Amma wandona da ke wurinka wata biyu, a ɗinka."

Maganar Inna kuwa ta zagaya fiye da duk abin da Tela ya taɓa ɗorawa. Mutane suka yi ta rubutowa a dawo da tsohuwar nan. Da ƙyar ta yarda, bisa sharaɗi biyu: Mai Kemis ta zauna kusa da ita, duk abin da ya fi ƙarfin ganye ta faɗa, kuma surukinta kada ya buɗe baki. Aiki ɗaya aka ba shi, riƙe waya.

"Wannan ai fannina ne," in ji Tela. "Duk layin nan ba wanda ya kai ni sanin kyamara."

Aka zauna a tsakar gida, Inna ta yi bayanin citta tiryan-tiryan, Mai Kemis ta ƙara nata. Da aka gama kowa ya matso a kalla. Murya ta fito tas. Hoton kuwa, daga farko har ƙarshe, ƙafafun Inna ne da wata kaza tana tsattsagar ƙasa.

Duk suka juyo suka dubi mai riƙe waya. Tela ya gyara murya.

"Inna ta ce kada ka buɗe baki," in ji matarsa, ta zare wayar daga hannunsa.